Wuta Biyu

A kan kwanon wani gida nake a Agege,
sifana a baki, ƙafa ɗaya a kan tsani,
ina juya faranti kaɗan-kaɗan
har matar gidan ta ƙwala daga ƙasa: "Ya kawo!"
Shekara ashirin da uku ina saita faranti wuri guda a sama,
ban taɓa tambayar yadda abin ya je can ba.

Bara'atu ce ta faɗa mini, daren da aka ɗauke wuta.
Ta dawo daga Akoka, littattafai a leda saboda ruwa,
ta zari gawayi a murhun uwarta,
ta zana ƙaramar da'ira a siminti,
ta zana babba ta kewaye ta.

"Baba, kumbo ba danfo ba ne,
ba ya karya sitiyari ya faɗa layin wani.
Nan ƙasa-ƙasa yake fara zagaye,
awa ɗaya da rabi ya gama duniya,
kai ko Oshodi ba ka fita ba.
In yana son layin sama, sai ya hura wuta a bayansa
sau ɗaya, gajeriya, kamar tari.
Da'irar ta miƙe ta zama ƙwai.
Sai ya kashe inji."

Na ce, a tsakiyar hanya?

"A tsakiyar hanya.
Awa biyar yana hawa, ko ɗigon mai bai sha ba,
duniya na jan rigarsa ta baya,
gudunsa na raguwa
kamar tirelar albasa a hawan gada.
Can a ƙololuwar ƙwan, inda ya fi sanyin jiki,
nan ake wuta ta biyu.
In ya yi, ya zauna:
zagaye ɗaya, yini da kwana, ƙafa da ƙafa da juyin ƙasa,
shi ya sa farantinka ke ganinsa a tsaye.
In bai yi ba, ya gangaro inda ya fito,
ya sake hawa, ya sake gangarowa."

Sauro ya dame mu, ta kaɗe shi ta ci gaba.
"Kuma in wani na gabanka a layi ɗaya,
kada ka taka mai. Taka burki.
Ka sauko ƙasa, ƙasa ta fi sauri,
ta nan za ka cim masa."
Na ce, wannan kada direbobin Legas su ji.

Ta shiga ɗaki, na zauna da zanen.
Na tuna motar shanun da ta kawo ni daga Gumel,
ina zaune a kan katako, ƙaho na shafar ƙafata.
Wuta ta farko ke nan.
Ta biyun fa?
Ban sayi fili a nan ba,
ɗakin can ma ban rufa shi ba.
Kowace Babbar Sallah na gangara,
kwana tara na sake hawowa.
Ashe a kan ƙwai na tsufa.

Da asuba ruwa ya wanke simintin.

Yau wata huɗu da tafiyarta karatu nesa.
Uwarta na so a kira ta safe da yamma,
in waya ta yi shiru sai ta kasa cin abinci.
Na ce mata, Saudatu, ƙyale yarinyar nan,
inji a kashe yake, hawa take yi.
Na faɗa da ƙarfi, kamar na yarda.

Jirgi ya taso daga Ikeja, kwanon ya ɗauki rawa.
Na ɗaga kai na bi shi har hadari ya haɗiye shi,
gwiwar hannuna ta ture farantin.

Daga ƙasa: "Malam, ya ɗauke!"

Na maido shi,
faɗin farce ɗaya zuwa gabas.